Dawaki Ashirin na Badaru

A garinmu Toranke ba a taɓa yin mutumin da ya san inji kamar Badaru ɗan Maikuɗi ba. Shi ya faɗa, kuma ya yi ta faɗa har wasu suka gaji suka yarda. Asalin iliminsa kuwa ɗan zaman da ya yi ne a Kano yana yaron mota, kafin direban ya sauke shi a Wudil da ƙunshin kayansa a hannu. Tun daga nan duk abin da aka ƙera da ƙarfe Badaru ya san ciwonsa. Shi ya gyara rediyon dagaci, wadda a da takan yi magana in an mare ta. Bayan gyaran kuwa, ko ka mare ta sai dai hannunka ya yi zafi.

Mahaifinsa Maikuɗi mai awon gyaɗa ne a zamanin da gyaɗa take da daraja. Wata shekara ciniki ya yi kyau, kai ya ɗau zafi, ya tafi gwanjo ya sayo tsohuwar tarakta wadda ko a lokacin ta girmi wasu magidanta. Ta yi damina ɗaya tana aiki, sannan ta zo gindin tsamiyar ƙofar gidansa ta yi tari ta tsaya. Nan ta zauna shekara da shekaru. Kaji suka riƙa ƙwai a cikinta, awaki suka sami inuwa, mutanen gari kuma kowa ya zo ya ari abin da yake bukata daga jikinta, irin aron da ba a mayarwa.

Maikuɗi ya rasu da rani, bayan shekarar fari. Wanda ya ga wannan shekara ba ya son a tuna masa. Kowane gida addu'arsa ɗaya ce: ɗan hatsin da ya rage ya kai shi har sabon gero ya nuna. A gidan Badaru abin da ya rage ɗan gero ne a gindin rumbu, wanda matarsa Hansai take aunawa kullum da ƙaramin ƙoƙo, ta share bakin ƙoƙon da yatsa don kada ƙwaya ɗaya ta wuce ƙa'ida. Ga yara, ga damina a ƙofa.

Ranar rabon gado liman ya zaunar da Badaru da ƙaninsa Hadi a zaure. Gona aka raba biyu, ba gardama. Saura bijimai biyu na huɗa, waɗanda Hadi ya raya cikin fari da ganyen gawo da ƙaiƙayi, sai kuma tarakta.

Liman ya ce, "Kowa ya ɗauki bijimi ɗaya, ku riƙa haɗa su kuna huɗa tare. Ƙarfen can kuwa a ba maƙera."

Badaru ya ce, "Allah gafarta Malam, ƙarfe ka ce? Wannan da kake gani ƙirar Jamus ce. Ita ta ja igwa a yaƙin Bama."

Bunu yana zaune a bakin ƙofa. Shi Bunu taubashin Badaru ne, ɗan wan mahaifiyarsa, cikin Barebarin da kakanninsu suka zauna garin tun tuni. Tun da Badaru ɗan mace ne, Bunu ɗan namiji, to a wasan taubasai Badaru ne bawa, Bunu ne ubangida, kuma bai taɓa barin rana ta faɗi bai tuna masa ba. Gonakinsu ma iyaka ɗaya suke.

Bunu ya ce, "Bawa, Jamus ɗin ne suka ara wa Ingila ita don a yaƙe su da ita?"

"Kai da ba ka taɓa wuce Gaya ba, ina za ka san harkar duniya?"

"Na san harkar kaji dai. Yanzu haka wata tana kwanci a cikin mai jan igwar taka."

Aka yi dariya. Hadi bai yi ba. Ya ce, "Yaya, ka ɗauki bijimin. Shekarar nan ba ta wasa ba ce."

Dariyar nan ita ta ƙarasa Badaru. Ya miƙe ya gyara wuyan riga ya ce, "Riƙe su duka biyun. Ni na ɗauki tarakta. Kuma ku shaida, wallahi tallahi bana kofaton bijimi ba zai taka gonata ba."

Liman ya ce, "Badaru, rantsuwa fa ka yi."

"Na san abin da na yi, Malam."

Aka shafa fatiha, kowa ya nemi takalminsa.

Kashegari Badaru ya hau kekensa ya tafi Gaya, ya ɗauko wani bakanike mai gyaran injin niƙa da ake kira Kabo. Ya gaya mana ba wai don bai iya ba ne, yana dai bukatar mai miƙo masa sifana. Kabo ya kori kazar, ya zagaya tarakta, ya sami wani ɗan allon ƙarfe a gefen inji ya yi ta kankara da wuƙa. Tsatsa ta cinye sunan kamfani, ta cinye sunan ƙasa, ba abin da ya rage sai lamba biyu da sifiri.

Badaru ya ce, "Gaya musu ƙirar ina ce."

Kabo ya ce, "Tsatsa ta riga mu karantawa. Amma wannan lambar na gane ta. Ƙarfin doki ashirin ke nan."

Badaru bai ji sauran maganar ba. Kafin azahar ya zagaye gari, daga rumfar mahauta har bakin rijiya. "An buɗe an gani," in ji shi. "Doki ashirin ne a ciki. Hadi ya tafi da shanu biyu yana murna, ni na tashi da doki ashirin. Ku gaya mini wa aka cuta."

Bunu ya ce, "Maza ne ko goɗiyoyi?"

"A haɗe suke."

"To ka yi hankali kada su haihu, wurin zai yi musu kaɗan."

Kabo ya yarda zai tashe ta, muddin an dawo da kayan da aka ara. Ladan aikinsa kuwa keken Badaru. Aka yi ciniki a kan haka, mai doki ashirin ya shiga yawon neman kayan a ƙafa.

Salansa, wato bututun hayaƙi, ita ce indararon masallaci. Ladan ya ce in aka cire ruwa zai ci katanga. Badaru ya yi alkawarin huɗe gonar ladan kyauta, ya hau tsani ya fizgo bututu, ya sauko tare da shi da wani yanki na katangar a tsakar kansa. Tankin mai yana gidan wanzami ana tara ruwa. Murfin inji shi ne ƙyauren akurkin dagaci. Kowanne sai da aka yi masa alkawarin huɗa kyauta kafin ya saki, har ya zama gonakin da Badaru ya ɗauka sun kusa kai garin Balan.

Fayafayan garmar tarakta kuwa, wato farantan ƙarfen da ke yanka ƙasa, mafi kyawunsu yana hannun wata tsohuwa, Lauratu mai ƙosai, shi ne kaskonta. Badaru ya same ta da safe mai yana tafasa.

"Iya, na zo karɓar kayan gado."

"Gadon wa? Ubanka da kansa ya ci ƙosan kaskon nan har ya bar duniya, bai taɓa cewa uffan ba."

"Ba kasko ba ne, Iya, garma ce."

"To miƙo hannu in zuba maka abin da garmar ta nome."

Ta ɗebo mai da ludayi, Badaru ya koma bayan wani mai sayen ƙosai yana ba da haƙuri daga can. Sai da liman ya sa baki ta yarda ta ba da aro, da sharaɗin cewa ranar da ta ga dama za ta karɓi abinta.

Kujerar direba kuwa tana wajen Bunu, a kanta yake zama yana sayar da goro da gishiri. Bunu ya ce ba ya son huɗa, abu ɗaya yake so: Badaru ya durƙusa a gaban mutane ya ce, "Ranka ya daɗe, ubangidana." Badaru ya yi kwana biyu yana zagaye rumfar. A rana ta uku ya zo ya sunkuya kamar mai gyara takalmi, ya faɗa cikin haƙori. Bunu ya ce iska ta ɗauke, a sake.

Tayoyin gaba ba su dawo ba, domin tuni aka yanka su aka yi takalma, rabin garin a kansu yake yawo. Aka sa na amalanke, aka cusa musu ɓawon gyaɗa a madadin iska. Ƙafafun baya ƙarfe ne masu haƙora, su kaɗai ne ba wanda ya iya ɗauka. Shi kuma ƙarfen da ake murɗawa a tayar da inji, maƙeri ya daɗe da mai da shi lauje. Kabo ya ce ba komai, in an tura ta za ta tashi.

Aiki ya kusa ƙarewa sai ga Badaru da dunƙulen jar kanwa a hannu. Kabo ya tambaye shi na mene ne.

"Dawakin da suka yi shekaru a ɗaure ba su sha kanwa ba, ka ce su tashi su yi huɗa? A ruwan lagireto mai sanyaya inji za a jiƙa musu."

Kabo ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, a gaban duk masu zaman gindin tsamiya. Ya ce ai babu wani doki, awo ne kawai na masu ƙera inji.

Badaru ya ce, "Kai da bakinka ka ce doki ashirin."

"Ƙarfin doki na ce."

"To ƙarfin doki, in babu dokin, a jikin wa yake zaune?"

Kabo ya miƙe ya kakkaɓe wando zai koma kan aiki. Gaskiya ko mu da muke wurin sai da maganar ta ɗan shige mu. Badaru ya ga ya ci gardama, sai ya sallame shi nan take, ya ce ba ya aiki da mai ƙaryata kansa. Kabo ya ce saura sandar sitiyari bai ɗaura ba, birki ma bai taɓa ba. Badaru ya ce shi da ya yi Kano ba za a koya masa sitiyari a Toranke ba. Kabo ya hau keken ya kama hanyar Gaya yana buga ƙararrawa, Badaru ya shige ƙarƙashin tarakta ya ɗaura sandar yadda ta yi masa kyau a ido.

Ana cikin haka ruwan shuka ya sauka. Gari ya watse zuwa gona, mai shanu da shanu, mai hannu da hannu, don bayan abin da aka gani bara ba wanda ke wasa da ruwan farko. Badaru ya ce shi ba zai zuba iri ba sai tarakta ta juya ƙasa. Geron mutane ya tsiro, ya kai idon sawu, gonar Badaru tana nan sai ciyawa. Hadi ya zo har gida da bijimai a ɗaure da garma ya ce, "Yaya, wuni ɗaya ne." Badaru ya ce ya mai da su kafin dawakinsa su ji warin shanu su ɓata rai.

Hansai ta tare shi a tsakar gida ta ce, "Malam, ka leƙa rumbu kuwa?"

"Na leƙa. Ki kwashe abin da ke ciki ki daka, jibi ina da gayya."

Hansai ta ji tsoro, tsoro na gaske, don ta san ƙoƙo nawa ya rage. Ta ce, "In 'yan gayya suka cinye, mu fa?"

"Ke dai ki daka. Ranar da tarakta ta tashi, daga Ajingi za a riƙa yin layi a ƙofar gidan nan. Sai kin rasa inda za ki zuba hatsi."

Ba maganar layi ce ta sa ta yarda ba. Ta yi lissafi ne cewa in majiya ƙarfin gari suka taru da garma a hannu, kafin azahar sun gama da gonar, a yi shuka ko da a makare, hatsin bai tafi a banza ba. Ta share gindin rumbu tas, ta daka, ta yi tuwo da fura. Abin da Badaru bai gaya mata ba, bai kuma gaya mana ba, shi ne irin aikin da za a yi a gayyar.

Ni kaina ina cikin waɗanda suka amsa, kuma har yau in hadari ya haɗu bayana yakan tuna mini. Mun taru da sassafe, kowa da garmarsa a kafaɗa, ga Gaji makaɗi da gangar noma. Sai ga Badaru ya fito cikin babbar riga da baƙin tabarau. Ya ce, "Jama'a, ku ajiye garemanin nan, zamaninsu ya wuce. Yau turi za a yi."

Wani ya ce, "Turin me?"

Bunu ya ce, "Dawaki za a goya a kai su gona."

Kafin a fara Badaru ya ce a dakata a ba su kanwa. Ashe tun jiya ya cika lagireto da jiƙon tsamiya, wai don ya cinye tsatsa. Yana zuba dakakkiyar kanwa a kai sai abin ya yi wani irin kuka, kumfa ta taso ta yi tsiri, ta wanke masa tabarau da gaban riga, ta gangaro har ƙasa. Mutane suka ja da baya. Badaru ya share fuska da hannun riga ya ce, "Alhamdu lillahi. Doki mai lafiya shi ke kumfar baki."

Ya zuba ɗan fetur na tashi, ya juye kananzir ɗin da ya tatso daga fitilun gidansa, ya ɗaure garma sama da igiya don kada ta taɓa ƙasa a hanya, ya hau kujera. Gaji ya saki ganga, muka sa kafaɗa.

Wanda bai taɓa tura ƙafafun ƙarfe masu haƙora a cikin jiƙaƙƙen rairayi ba bai san wahala ba. Hanyar miƙaƙƙiya ce, amma kowane taku sai mun yi kabbara. Muka tura har hantsi, ba ta ce komai ba. Badaru yana sama yana ba da umarni: na dama su ƙara ƙarfi, na hagu sun cika surutu. Muka tura har rana ta take tsaka, ko tari ba ta yi ba. Aka kawo abincin Hansai, muka zube a gindin wata kuka muka cinye shi har da suɗe ƙwarya, don yunwar turi ta fi ta noma. Gonar Badaru tana can gabanmu muna hango ta. Wani dattijo ya ce da tun safe garma muka riƙe da yanzu mun gama mun tafi gida. Badaru ya ce irin wannan tunani ne ya hana ƙasar nan ci gaba.

Muka koma turi bayan azahar. Can Badaru ya juyo zai yi wa wani faɗa, hannun babbar rigarsa ya maƙale a wani ɗan famfo da ke ƙarƙashin tanki, ya fizga, famfon ya murɗe. Ashe tun safe hanyar mai a rufe take.

Wani ya ce, "Badaru, ashe ba ka buɗe mai ba?"

"Da gangan ne. Ana barin doki ya motsa jini kafin a sake shi."

Bai rufe baki ba tarakta ta yi wata ƙara kamar an harba bindigar toka. Salansa ta tofo laka da tsohuwar sheƙar tsuntsu da baƙin hayaƙi. Ƙarfen da muke dannawa ya kuɓuce daga kafaɗunmu, muka zube a kan juna. Da muka ɗaga kai sai ga ta can tana tafiya da kanta, tana rawa, Badaru a sama yana ɗaga wa duniya hannu. Ba zan ɓoye ba, a wannan lokacin har ni na ji daɗi. Gaji ya bi ta a guje yana kiɗa yana kiran Badaru angon ƙarfe.

A ƙarshen hanyar gona biyu ce. Ta dama ta Badaru, ta hagu kuma filin da Bunu ya bari bai huɗe ba tukuna, yana jiran ya sami hannu ya zuba gyaɗa. Badaru ya gyara zama, ya murɗa sitiyari dama. Tarakta ta yi hagu.

Ya ƙara murɗawa dama da ƙarfi, ta ƙara yin hagu da ƙarfi. Ta haura iyaka ta yi tsalle, igiyar garma ta tsinke, fayafayan suka faɗa ƙasa, kaskon Lauratu a gaba yana ƙyalli da man ƙosai. Ƙasa ta fara juyewa baƙa wuluk, mai laushi, irin huɗar da ba a taɓa gani ba a Toranke. A gonar Bunu.

Badaru ya waiwayo yana ihu, "Ba laifina ba ne! Tun zamanin tuƙi a hannun hagu aka ƙera ta, ba ta ji gwamnati ta canza hannu ba!"

Ya taka birki, ƙafarsa ta wuce har ƙasa ba abin da ya faru. Ya ja sitiyari baya kamar linzami yana cewa su tsaya, dawakin ba su san muryarsa ba. Duk sanda ya hango gonarsa ya murɗa wajenta, sai tarakta ta ba ta baya ta sake zagaye. Haka ta yi ta kewaya filin Bunu, tana shiga tana fita, tabarau ya faɗi ta bi ta kansa ta binne.

Bunu kuwa ya harɗe hannu a baya yana tafiya a gefe a hankali, kamar mai gona da ya zo duba 'yan ƙwadago.

"Bawa, ka bar wani wuri can gefen kuka."

"Bunu, ka zo ka kashe ta."

"Ni da ban taɓa wuce Gaya ba? Koma ta can kusurwa, akwai saura."

Gaji makaɗi, da yake ya san inda goro yake fitowa, nan take ya juya kiɗa ya koma yi wa Bunu kirari, yana cewa Bunu mai bawa da tarakta, Bunu da ake yi wa noma yana tsaye. Mata masu dawowa daga itace suka ajiye kaya, masu wucewa zuwa Balan suka sauka daga jakuna. Ba a taɓa tara mutane haka a gona ba. Sai wajen la'asar kananzir ya ƙare, tarakta ta yi irin tarin da ta yi a zamanin Maikuɗi, ta tsaya a tsakiyar filin Bunu. Ba ta bar ko tafin hannu ba a huɗe ba.

Bunu ya ɗebi ƙasar ya murza ya ce, "Madalla. Dama aikin bawa ke nan, ya fara da gonar ubangidansa."

Badaru ya sauko duk jikinsa ƙasa, amma bakin yana nan. Ya ce, "To jama'a, kun dai gani da idonku, tana aiki. Yanzu ku ɗauki garemani a ɗan taɓa tawa kafin magariba."

Muka dube shi. A cikinmu babu mai iya ɗaga hannu ya kori ƙuda, abinci kuma an cinye tun rana. Kowa ya saɓi garmarsa. Lauratu ta ratso taro da sifanar aro ta kwance kaskonta, ta duba gefensa, ta yi wa Badaru addu'ar da ba zan maimaita ba. Ladan ya naɗe hannu da tsumma ya zare indararonsa. Bunu ya ɗauki kujera ya ɗora a ka, sannan ya ce a kwashe masa dawakin nan daga gona, gobe zai yi shuka.

Ba mai turawa. Hadi ya tafi gida ya zo da bijimansa da sarƙa. Haka aka shigo gari da yamma, shanu biyu a gaba suna tafiyarsu a natse, doki ashirin a baya ana ja, Badaru a tsugune inda kujera take a da, yana riƙe da sitiyari. Ko a nan sai da Hadi ya yi ta tuna masa cewa in yana son dama ya murɗa hagu.

Da safe Badaru ya je zauren liman, ba riga babba, ba tabarau. Ya yi ta zagaye-zagaye kafin ya tambaya, wai wani abokinsa ne a Kano ya yi rantsuwa yana son ya warware.

Liman ya ce, "Ka gaya wa abokin naka ya ciyar da miskinai goma, ko ya tufatar da su. In ba shi da hali, azumin kwana uku."

"To ai jiya ya ciyar da fiye da goma."

"Wannan gayya ce, Badaru. Yana da abin ciyarwa yanzu?"

Badaru ya ce babu. Liman ya ce to sai azumi.

Kwana ukun nan Badaru ya yi su a bayan bijiman Hadi, yana riƙe da garma cikin rana, leɓe a bushe, a gonar da ya rantse kofato ba zai taka ba. Geron maƙwabta ya kai gwiwa, shi yanzu yake zuba iri, irin ma Hadi ne ya ba shi. Amma duk wanda ya wuce ya yi masa sannu sai ya ce azumin godiya yake yi, tun da Allah ya nuna wa mutanen Toranke tarakta tana huɗa. Da faɗuwar rana matar Hadi takan aiko da ɗan kunu, Hansai ta raba wa yara, ta rage masa abin buɗa baki.

A rana ta huɗu ya tashi da fara'a, ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya ce, "Hansai, an sauke nauyi. Kawo koko, yau da yunwa na tashi. Kuma in na ƙoshi zan duba sandar nan, na gano inda matsalar take."

Hansai ta shiga ɗaki ta fito da ƙaramin ƙoƙon da take awo da shi. Ta durƙusa ta ajiye a gabansa yadda ake ajiye wa maigida abinci. Babu komai a ciki.

Ta ce, "Kaffara ce ta ƙare, Malam. Azumi kam sai sabon gero ya nuna."

Yaran suna zaune a bakin ƙofa suna kallonsa. Badaru ya dubi ƙoƙon, ya dube su. Ya tashi ya ɗauki fartanya ya fita, ya wuce ta gindin tsamiya bai waiwaya ba.